Cikin Hular Alhaji Manu

Shafi na 9

Da sunan Allah. Ku da kuka hana wayata hutawa tun jiya, ga zaman Gwaram ɗin ya zo.

Abin ya faro ne wata Juma'a a tsakiyar bazara, ranar da hadari ya haɗo ta gabas tun hantsi, ya tsaya cak ya ƙi zubar da ko ɗigo, gari ya ɗauki zafi har kwalta tana kama takalmi. Alhaji Manu, babban mai sayen riɗi na Gwaram, ya shigo Birnin Kudu ɗaurin aure cikin shadda shuɗiya mai duhu. Ya sunkuya zai gaisa da liman, hula ta zame, ya sa hannu ya gyara, sai farin gari ya zubo masa a kafaɗu kamar an watsa dusa. Wani mara aikin yi ya ɗauka a waya. Kafin la'asar hoton ya zaga gari, kafin magariba Alhaji ya tsaya a bakin rumfar Kamalu mai wankin hula, ya faɗa a gaban jama'a cewa ruwan wankin Kamalu ne ya sa masa cuta a ka.

Sati uku ke nan. Da, kawunan katakon da Kamalu ke ɗora huluna su bushe, guda arba'in, ba sa kwana babu hula a kansu. Yanzu fiye da rabi a tsirara suke shan rana.

Yau Asabar, ranar da aka sa za a kai Kamalu Gwaram ya ba Alhaji haƙuri.

Kafin ubangidansa ya iso, Kamalu ya tsallaka titi zuwa kemis ɗin Sista Dinatu. Mutuniyar Zonkwa ce, shekararta goma sha ɗaya a garin, Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan gari.

"Sista, tambaya ɗaya na zo da ita."

"Jiya ma ɗaya ka ce, ka yi bakwai."

"Wannan ta ƙarshe ce. Amosani yana bin hula?"

"Kamalu, sau nawa zan gaya maka? Ba ya bi."

"Ko an jiƙa hular mai shi da ta wani a baho ɗaya?"

"Ko a tukunya ɗaya aka dafa su. Makero ne ke bin hula da mataji da askar wanzami. Shi kuwa za ka ga ya zagaye wuri, gashin wurin ya zube. Wanda na gani a hoton nan fari ne, ƙanana, busasshe. Fatar kai ce ta bushe take ɓarewa."

"Me ke busar da ita?"

Ta ci gaba da jera kwalaye a kanta, ba ta juyo ba.

"Wani haka Allah ya yi fatarsa, mai kawai take so. Wani kuma shi ya ja wa kansa. Ku maza akwai ku da wanke kai da garin sabulun wanki, wai ya fi kumfa. Sai a haɗa da ruwan zafi, a dirje da soso kamar ana wanke gindin tukunya, a fito ko man kaɗanya ba a shafa ba, a kifa hula. Wani kuma abin da yake shafa wa gashin ne fatar ba ta so."

"Kamar me?"

Sai a lokacin ta juyo, ta dube shi ta saman tabarau.

"Kamar abin da ka riga ka sani, shi ya sa kake tambaya."

Kamalu ya sosa ƙeya.

"Sista, zo mu je Gwaram ki faɗa musu da bakinki."

"A'a."

"Ni zan kai ki in dawo da ke."

"Na ce a'a. In na tsaya gaban Alhazai na ce Alhaji bai san me yake faɗa ba, gobe ni ce labarin gari, ba kai ba. Kuma duk wanda ya shigo nan ya sayi abu, da sirrinsa yake fita. Kai ma ai haka aikinku yake, ko ba haka ba?"

Ta ajiye kwalin da ke hannunta ta ci gaba.

"Ka faɗa musu amosani ba ya bin hula, gaskiya ce, ba sai ka kira sunana ba. Amma ka tsaya a nan. Kar ka ƙara komai."

Daga tsallaken titi aka ƙwala masa kira. Baba Musbahu ne, sarkin masu wankin hula na garin, tsaye da sandarsa. Shi ya karɓi Kamalu yana ɗan shekara goma sha huɗu, lokacin da ya ajiye jaka a aji biyu na ƙaramar sakandare ya ce shi ya gama. Shi ya koya masa jiƙo da buroshi da sitaci da guga. Shi kuma ya ba shi kawunan katakon nan arba'in shekara biyu da suka wuce, da Kamalu ya buɗe rumfar kansa. Aro, ba kyauta ba.

A motar Gwaram gaba aka ba su, su biyu a kujera ɗaya. Kamalu ya rungume wata baƙar leda a cinya.

"Hulunan Alhaji ne?" in ji Baba Musbahu.

"Su ne. Ukun da direbansa ya kawo kwana ɗaya kafin abin ya faru."

"Ka wanke ka goge?"

"Suna ciki."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Baba, mutumin da ya ce ruwana cuta ne, in sake tsoma hularsa a ruwana?"

Tsohon ya ga maganar ta hau. Sai da suka fita gari, gonakin da aka share ana jiran ruwa suka fara wucewa, sannan ya rage murya yadda direba ba zai ji ba.

"Saurara. In mun je za ka durƙusa. Za ka ce kuskure ne, ka canja baho, ka canja buroshi, ba za a sake ba. Alhaji ya yi min alkawari zai ce ya yafe a gaban mutane. Masu huluna su dawo. Shi ke nan."

"In na ce kuskure ne, na yarda ke nan ni na sa masa."

"Magana ce kawai."

"Maganar da za ta zauna min suna. Kamalu mai ruwan amosani. Har 'ya'yana sai an kira su da shi."

"Ka ga ɗan da ba a haifa ba, ba ka ga rumfar da ke rufewa ba."

"Ban yi ba, Baba."

"Na ji. Me na fara koya maka ranar da ka zo wurina?"

"Jiƙo."

"Kafin jiƙo."

Kamalu ya mai da kansa taga.

"Ka ce in na juya hula na ga abin da na gani, in mayar da ita daidai in yi shiru."

"Shekara arba'in da uku ina juya hulunan mutane. Na san mai sanƙon da ko matarsa ba ta gani da rana. Na san wanda ya ɗinke laya a ciki alhali shi ke zagin masu laya. Na san wanda kansa ke zubar da ruwa. Na san mai aro hular maƙwabci ya kawo min da sunan tasa. Ka taɓa jin ko ɗaya a bakina?"

"A'a."

"To."



A rumfar 'yan riɗi aka yi zaman, bayan kasuwa, tsakanin buhuna da sikeli. Kamalu ya yi zaton mutum biyar ko shida zai tarar. Sun fi talatin. Yana ɗaga kai ya ga dalili: fosta ce manne a kowane ginshiƙi, hoton Alhaji Manu da gashi da gemu baƙi wuluk, a ƙasa an rubuta yana neman shugabancin matasan ƙungiyar 'yan riɗi. Asabar mai zuwa za a yi zaɓe. Dokar ƙungiya ta ce kada ɗan takara ya wuce arba'in, Alhaji kuwa ya ce shekararsa talatin da tara. Hoton kafaɗun nan ya zame masa abin tsokana, yana so a wanke shi a gaban masu zaɓe.

Ga shi nan a kan kujerar roba, cikin farar shadda, da farin tawul a kafaɗa.

Baba Musbahu ya rusuna. "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya."

"Amin, musamman ta kai," in ji wani daga kan buhu.

Ɗan'azumi ne, dillali daga Zandam, mai jan gemu, wanda kowa ya san ba ya tare da Alhaji a zaɓen. Wasu suka danne dariya da tari.

Alhaji bai kalle shi ba. "Malam Musbahu, yaron naka ya shirya?"

"Ya shirya, ranka ya daɗe."

Kamalu ya tuɓe takalmi, ya matsa gaba, ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da rana, Alhaji. Mun same ku lafiya? Ya kasuwa?"

"Lafiya. Muna jin ka."

Sai Kamalu ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe gwiwa.

"Alhaji, wannan durƙuson na gaisuwa ne, don ka girme ni. Ban zo da wani ba."

Baba Musbahu ya ja gefen rigarsa, Kamalu ya yi kamar bai ji ba.

"Me ka ce?" in ji Alhaji.

"Cewa na yi ban zo ba da haƙuri ba. Tambaya na zo yi. Ina ake wanke maka hula yanzu?"

"Ina ruwanka?"

"An ce har Dutse kake aikawa. Sati uku ke nan hannuna bai taɓa hularka ba. Amosanin ya tsaya?"

"Yaro, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Alhajin da na sani ba ya maimaita launi a sati. Shuɗi, ruwan ƙasa, ruwan toka, ni nake haɗa masa hular kowanne. Tun ranar Juma'ar nan fari kawai kake sawa. Da ya tsaya, me tawul yake yi a kafaɗarka?"

"Zafi ake yi," in ji wani na kusa da Alhaji.

"Mu ma a cikin firji muke," in ji Ɗan'azumi.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Cuta in ta shiga jiki, ba ta fita don an canja mai wanki. Kai ka sa min ita, yanzu ina fama."

"To wa ya kamu bayan kai? Mutum fiye da ɗari nake yi wa wanki. Limamai, malaman makaranta, direbobi, angwaye. Baho ɗaya, buroshi ɗaya. Ruwan nan ya tsallake kowa sai kai ya zaɓa? Amosani ba ya bin hula, Alhaji. Makero ne ke bi. Wannan fatar kai ce ta bushe. Ka tambayi duk wanda ya san magani."

"Ka ji likita," in ji Alhaji, yana duban jama'a. "Wanda ya gudu daga aji biyu yau shi zai karantar da ni. Malam Musbahu, wannan ne haƙurin da ka ce ka kawo min?"

"Ranka ya daɗe, ƙuruciya ce. A ba ni minti biyu da shi."

"Ba sai an ba ka ba."

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda a ninke, ya ɗaga ta sama.

"Wannan ƙorafi ne ga 'yan duba-gari. An buga, na sa hannu, Litinin zai isa. Za su zo su rufe rumfar, su zubar da bahon, su kwashe kayan. Kuma zan sa a faɗa daga Sundimina har Surko, kowa ya san irin ruwan da kake tsoma hulunan mutane. Da na ce ka durƙusa, sauƙi na yi maka. Ka ƙi sauƙi."

Kamalu ya dubi takardar. Ya tuna ranar da ya kafa ginshiƙan rumfar da hannunsa, shi kaɗai, rana tana dukan ƙeyarsa. Ya tuna yadda yake canja ruwa sau uku a wuni, yana jan kurar ruwa daga famfon bayan tasha, abin da ko tsofaffin masu sana'ar ba sa yi.

Ya sunkuya ya ɗauki baƙar ledar.

"To tunda haka ne, ga kayanka, Alhaji. Huluna uku. Ban wanke ba, yadda suka zo haka suke."

Ya zaro ta farko, zanna ce mai aikin hannu, ruwan zuma, wadda masu gani suka san ba ta ƙaramin mutum ba ce. Ya riƙe ta da hannu biyu, manyan yatsunsa a bakinta.

Baba Musbahu ya gane kafin kowa.

"Kamaluddeen."

Tunda yake, sau biyu tsohon ya taɓa kiran sa da cikakken suna.

"Kamaluddeen, mayar da ita leda."

Kamalu ya tura tsakiyarta da yatsu, ya juya hular, cikinta ya dawo waje.

Waɗanda ke kan buhuna suka miƙe. Zagayen bakin hular daga ciki, faɗin yatsa uku, baƙi ne ƙirin kamar an goga gawayi. A kan baƙin kuwa ga farin amosani nan ya maƙale a zaren ɗinki.

"Datti ne," in ji na kusa da Alhaji. "Gumi ne."

"Gumi ruwan ƙasa yake bari. Ni aikina ke nan. A ba ni ruwa."

Ɗan'azumi ya jefo masa ledar ruwa tun bai rufe baki ba. Kamalu ya fasa da haƙori, ya ciro farin ƙyalle daga aljihu, ya jiƙa, ya goga a cikin hular sau ɗaya, ya ɗaga. Ƙyallen ya yi baƙi.

Ɗan'azumi ya diro, ya karɓa, ya kai hanci.

"Wannan ai rini ne. Baƙin rinin gashi, na kwali, mai kwalba biyu da ake haɗawa. Ni za a gaya wa warinsa?"

Kamalu ya juya ta biyu, ya juya ta uku, ya jera su a kan buhu. Duk haka suke.

"Shekara biyu ina wanke maka hula, Alhaji. Duk sati biyu sai sun zo da sabon baƙi. Ranar da ka shafa ina sani. Ranar da ka makara ma ina sani, don sai in tsinci farin gashi a ɗinki. In rinin ya taɓa maka goshi da bayan kunne, sai ka bi da garin sabulun wanki ka dirje don kar a gani. Ga shuɗin garin nan a bakin hula, kowa ya matso ya duba. Rini ya ƙona fata, sabulu ya busar da ita, ka kifa hula tun safe. Ni kuwa in zauna in yi ta gogar baƙin nan da buroshi har yatsuna su tsage, in goge, in sa a leda, in aika maka kamar sabuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko mahaifiyata. Sakamakona ke nan, takardar duba-gari?"

Ba wanda ya yi motsi, sai Ɗan'azumi da ya kama jan gemunsa ya matso gaban kujera.

"Alhaji, ba kai ne bara ka janye ni daga gaban sahu a rumfar nan ba, ka ce mai baƙin rini a gemu ba zai ja ku salla ba? Na ji kunya na koma lalle. Ga ni nan shekara guda ina yawo ja kamar zakara. Ashe kwali ɗaya muke saye."

Dariya ta fashe daga baya.

"To talatin da taran fa?" wani ya jefo. "Ita ma ta kwali ce?"

Wannan karon har na kusa da Alhaji sai da suka sunkuyar da kai. Wayoyi uku ko huɗu suna sama suna ɗauka. Kamalu ya ji ƙirjinsa ya buɗe, karo na farko a sati uku. Ya tsaya ƙyam yana jiran ihu, ko mari, ko a kira 'yan sanda. Duk ya shirya musu.

Alhaji Manu bai yi ko ɗaya ba.

Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Sannan ya sa hannu biyu, a hankali, ya cire hular da ke kansa ya ɗora a gwiwa.

Dariyar ta ragu.

Saman gashin baƙi ne, gindinsa fari fat. Fatar da ke ƙasa ja ce, ta tsattsage, wani wurin ya sosa har ya yi ɓawo. Amosanin ya sauko a kan tawul. Kamalu ya sha ganin cikin hular mutumin nan, amma bai taɓa ganin kan ba. Bai san abin ya kai haka ba.

"Ku kalla ku ƙoshi," in ji Alhaji, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Shekarata hamsin da bakwai. Ga shi kun ji."

Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Yau tawa ya juya. Waye a cikinku bai taɓa aika masa hula ba?"

Dariyar ta mutu gaba ɗaya.

Kamalu ya ga wani dattijo ya kai hannu ya danna hularsa ƙasa. Ya ga wani ya ja baya ya fake da ginshiƙi. Shi kansa Ɗan'azumi, da ke aiko da huluna huɗu duk wata, ya ajiye baƙin ƙyallen a kan buhu ya goge yatsunsa a riga.

Alhaji ya mayar da hularsa, ya tashi, ya fita ta bayan rumfa. Bai ɗauki ukun ba.

A bakin titi Kamalu ya cim ma Baba Musbahu. Tsohon yana tafiya da sauri fiye da yadda sandarsa ta saba.

"Baba."

"Gobe da safe zan aiko a kwashe katakona."

"Baba, ƙarya aka yi min. Kai ma ka ji da kunnenka."

"Na ji. Na kuma gani da idona. Kana tsammani hannunka kaɗai ka juya hular nan da shi? Da hannun duk mai wankin hula ka juya ta. Daga yau duk wanda zai miƙo mana hula sai ya fara leƙa cikinta."

"Da in durƙusa in ɗauki laifin da ban yi ba?"

"Da ka tsaya inda ka ce sati uku amosanin bai tsaya ba. Ka riga ka ci zaman a nan."

"Takardar fa? Da Litinin an rufe ni."

"Yanzu a buɗe kake?"

Idon Kamalu ya yi ja, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Ka kwashe katakonka, Baba, naka ne. A kan gwangwanin madara ma zan busar da hula. Amma ko yanzu aka dawo min da safiyar yau, wallahi sai na sake juya ta."

Tsohon ya dube shi. Ya tsayar da mota ya shiga baya. Kamalu ya jira wata motar.

Hoton zaman ya riga shi isa Birnin Kudu. Ana kiran la'asar ya sauka, tun daga nesa ya hango mutane a bakin rumfarsa, sun fi goma. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce a ransa, to, gaskiya ta fito, sun dawo.

Wani malamin firamare ne ya fara tare shi da hannu biyu.

"Kamalu, ka burge ni. Namiji ke nan. Haka ake yi wa masu raina talaka."

"Na gode, Malam."

"Yawwa. Ɗan ba ni hulunan nan nawa guda uku, tafiya ta kama ni."

"Ai ban wanke ba tukuna."

"Ba komai, ba ni haka."

Na bayansa direban tasha ne, wanda ya tsaya wa Kamalu duk sati ukun nan, har faɗa ya yi a kansa a wurin mai shayi.

"Mutumina, ka gama da shi. Ina damangata?"

"Tana kan katako, ba ta bushe ba."

"Za ta bushe a kaina."

Haka suka yi ta zuwa. Kowa sai ya yaba masa, sannan ya miƙa hannu. Wani ko gaisawa bai tsaya yi ba, ya zare tasa daga baho tana ɗigar ruwa ya cusa a aljihu. Ba wanda ya ambaci amosani. Ba wanda ya ce ruwansa cuta ne. Kowa dai da ya karɓa sai ya leƙa cikinta, ya saci kallon Kamalu, ya wuce.

Kamalu bai roƙi kowa ba. Duk wanda ya zo, ya duba alamar da ya yi wa hularsa, ya sa masa a leda, ya ce a sauka lafiya.

Yana zubar da ruwan baho wayarsa ta yi ƙara. Ya ga sunan, ya bar ta ta kusa yankewa, sannan ya ɗauka.

"Kamalu."

"Na'am, Alhaji."

"Na yaga takardar."

"Ban roƙa ba."

"Na sani. Takarar ma na janye." Muryar ta dusashe, kamar ta wanda ya daɗe bai sha ruwa ba. "Ba don in ba ka haƙuri na kira ba, kuma ban yafe maka ba. Abu ɗaya nake so ka sani. Ni ban ƙirƙiri maganar nan ba. Shekara biyu ina shafa rinin nan, ko sau ɗaya ban kawo a raina shi ne sanadi ba. Ranar Juma'ar nan ina fitowa daga ɗaurin aure, kunya ta rufe ni, wani ya ja ni gefe. Ya ce Alhaji, wannan ciwon hula ne, yaron nan ba ya canja ruwa, aikin ya fi ƙarfinsa, ka dawo da hulunanka inda ka saba."

Kamalu ya ajiye bahon.

"Na yarda da shi," in ji Alhaji, "don a ƙasar nan babu wanda ya san hula kamarsa."

"Waye?"

"Wanda ya kawo ka yau."

Wayar ta yanke.

Kamalu ya sauke ta daga kunne. Sannan ya sa ta a aljihu, ya ja ƙyauren rumfa ya datse kwaɗo, ya miƙi hanyar unguwar Baba Musbahu a ƙafa, yana ƙirga asararsa a ransa.

Huluna sittin da bakwai aka karɓe yau, a kan ɗari da tara da aka janye a sati ukun baya. Masu kawo wanki fiye da ɗari, saura huɗu. Kawunan katako arba'in, gobe da safe. Ubangida ɗaya.